Amsa ga Hajiyar da maigidanta ke aikin kwana-kwana a Amurka

Hajiya, sannu da wannan damuwa, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce tun gobarar da suka ciro yaro daga ciki bai sake barcin kirki ba. An ce ya zauna da abokin aikin da aka horar don sauraren irin wannan, ya ƙi, wai kada maganar ta kai kunnen oga ko kotu. Ni a motar ɗaukar marasa lafiya nake aiki a nan, kuma ina cikin masu wannan sauraren.

Tsoronsa ba shirme ba ne. Sirrin ya danganta da wanda ya faɗa wa, da kuma jihar da kuke.

Kariya mafi ƙarfi tana wurin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara da ke da lasisi. A 1991 wata 'yar sanda a Illinois, Mary Lu Redmond, ta harbe mutum a bakin aiki. Danginsa suka kai ƙara, suka nemi a ba su bayanan zaman da ta riƙa yi da mai ba ta shawara. A 1996 Kotun Ƙoli ta ce ba za a taɓa su ba. Kowace jiha ma tana da doka mai kama da haka.

Wurin abokin aiki ne maganar ke da sarƙaƙiya. Za ki ji ana cewa ai Biden ya sa hannu a dokar kare sirrin irin wannan sauraren a Nuwamban 2021. Gaskiya ne, amma jami'an tsaro na gwamnatin tarayya ta shafa. Ɗan kwana-kwana na birni dokar jiharsa ce gatansa, wata jihar ta yi, wata ba ta yi ba. Kalifoniya ta yi tata a 2019. A jihar Washington sai an naɗa mai sauraren a hukumance tukuna, kuma idan shi ma yana wurin gobarar, babu kariya, shaida ne kawai.

Nan mutanenmu suke faɗawa. An dawo tasha da asuba, kaya na warin hayaƙi, ana shan kofi a kicin, sai mutum ya amayar da cikinsa ga wanda suka riƙe tiyo tare. Mutumin kirki ne, amma lauya na iya kiransa ya rantse. Ni duk wanda ya zo mini, kafin ya buɗe baki nake gaya masa ko a matsayin aikin nake saurarensa ko hira ce kawai. Maigida ma ya yi wannan tambayar kai tsaye, ba rashin kunya ba ne.

A wurin abokin aiki akwai abin da kusan ko'ina ba a rufewa: niyyar kashe kai, barazana ga ran wani, cutar da yaro, ko amsa babban laifi. Rashin barci, mugun mafarki, saurin fushi da yara a gida, duk ba sa ciki.

Ya kuma bambanta wannan da gwajin da ma'aikata ke tura mutum don a ga ko zai iya ci gaba da aiki. Wancan likitan na ofis ne, rahotonsa ofis zai je. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Haka in zai nemi diyyar rauni a bakin aiki, kamfanin inshora zai so ganin wasu bayanan.

Shawarata, ya fara da mai lasisi a wajen ma'aikata, sannan ya sa wakilin ƙungiyar ƙwadagonsu ya ba shi ƙa'idar tasharsu a rubuce. Idan kuma kin ji ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kada ki jira komai, ki kira 988, layin taimakon masu tunanin kashe kai, dare ko rana. Ki faɗa mana jihar da kuke, wataƙila a samu wanda ke aiki can a cikinmu.