Mijina soja ne, ya rasu a Borno ban ga gawarsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, daga Kurna nake. Mijina soja ne, ya rasu a bakin daga can Borno yau wata tara kenan, a waya kawai aka faɗa mana kuma can aka binne shi. Na fita takaba amma har yau in wayata ta yi ƙara da daddare sai gabana ya faɗi in ga kamar shi ne, ba na barci, kowa sai ya ce in daina kuka ai shahada ya yi. Dan Allah imanina ne ya yi rauni?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙansa ya raya abin da ya bari. A'a wallahi ba raunin imani ba ne. Annabi (SAW) kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kururuwa da marin fuska da yaga tufafi aka hana.

Kin ga mu nan Kano in an yi rasuwa da safe kafin azahar an yi wanka an sa likkafani, mata na kallo a fita da makara, a sallace shi a ƙofar gida, to wannan ganin shi ke sa zuciya ta saduda, ke kuwa ba ki ga ko ɗaya ba, ga shi dama kin saba ya yi watanni a daji sai waya, daga baya ya dawo hutu, shi ya sa zuciyarki take ta jiran ya kira. Tun 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke matan sojoji da yawa ke cikin wannan halin, kuma abin yana min ciwo yadda ake rufe musu baki da "yi haƙuri".

Ki sa yayanki ko ƙanin mijin ya nemo abokin aikinsa da ya halarci jana'izar ya ba ki labari tiryan-tiryan, wa ya yi masa salla, a ina kabarin yake. In da hali wani ya je ya gani da idonsa. Yaran ma a daina ce musu Baba ya yi tafiya, a faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, in ba haka ba su ma jiran za su yi ta yi.

Wata 4 da kwana 10 hukuncin takaba ne, ba wa'adin kewa ba. Amma rashin barcin nan ya dame ni, don a wajen likitoci baƙin cikin da ya haura wata 6 yana hana mutum harkokinsa abin dubawa ne. Ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, zuwa can ba hauka ba ne, kuma dan Allah kar ki sayi maganin barci a kemis. In kin taɓa jin gara ki kashe kanki ki huta, a ranar ki faɗa wa wani na jikinki ya raka ki asibiti.