Amsar tambayar Kawu kan injin zaɓe

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu bayan na taso daga aiki. Ka ce gardama ta kaure a majalisarku ta Ƙofar Soro: wasu na cewa mu da ke Amurka mun huta, inji ke yi mana zaɓe, wasu kuma na cewa ai shi ma injin mutum ne ke juya shi. Shi ne kake tambaya wa ke duba injin kafin a kai shi rumfa, kuma mu Hausawan Bronx mun aminta da shi ne ko bin gari kawai muke yi.

A nan New York takarda muke cikewa da biro, mu baƙanta ɗan da'irar da ke gaban sunan wanda muke so, sannan mu zura ta cikin injin ya karanta. Takardar sai ta faɗa akwatin da ke ƙarƙashinsa a kulle. Aikin injin ƙirga kawai.

Su ma sai da suka sha wuya suka gyara. A zaɓen 2000, ƙuri'a 537 ce ta raba Bush da Gore a Florida, aka yi makonni ana ɗaga katin zaɓe a haske ana musun ko ya huje ko bai huje ba. Wannan kunyar ce ta haifi dokar tarayya ta 2002, wadda ta kafa EAC, hukumar tarayya mai tallafa wa harkar zaɓe. Ita ke rubuta ƙa'idojin da inji zai cika. Ta fitar da su a 2005, sababbin kuma a Fabrairun 2021. Kamfanin da ya ƙera inji ba shi ke ba kansa shaida ba. Ɗakunan gwaji masu zaman kansu da hukumar ta amince da su, ɗaya a Alabama ɗaya a Colorado, su ke kwance shi, su karanta manhajarsa, su cusa masa tulin ƙuri'u su ga ko zai yi kuskure. Sharaɗin da ya fi kwanta mini a sababbin ƙa'idojin shi ne kada sakamako ya dogara ga manhaja ita kaɗai: ko ta lalace ko an taɓa ta, a samu shaidar da za a gane.

Sai dai ƙa'idojin tarayyar ba dole ba ne, kowace jiha da dokarta. Tamu jihar tana sake nata gwajin, ta sa kamfani ya ajiye asalin rubutun manhajar a hannun amana, ta kuma haramta inji mai iya hawa intanet. In an canza manhajar, sai an dawo an sake neman amincewa.

To, mu kuma fa? Gaskiya, Kawu, mun zo da tabon gida. Ɗan Katsina, ɗan Maraɗi, ɗan zangon Kumasi, kowa da labarin akwatin da ya yi ɓatan dabo. Akwai wani dattijo a masallacinmu da ya shekara da takardar zama ɗan ƙasa bai taɓa zuwa rumfa ba, wai ba zai miƙa ƙuri'arsa ga abin da ba ya jin rantsuwa ba. Ba wa'azi ne ya sauya shi ba. 'Ya'yanmu ne suka fara shiga aikin rumfa, ni ma na bi sahu, muka dawo muna faɗin abin da muka gani. Tun kafin asuba muke isa. A duba lambar hatimin da aka rufe injin da shi, a gwada da wadda ke rubuce. A kunna shi ya fitar da doguwar takarda mai nuna sifili gaban kowane ɗan takara, ma'aikatan manyan jam'iyyun ƙasar biyu su sa hannu. Da dare a buga sakamako a gaban wakilai. Bayan zaɓe kuma doka ta ce a zaro kashi 3 cikin 100 na injinan ta hanyar ƙuri'ar sa'a, a ƙirga takardunsu a gwada da abin da suka faɗa. Da dattijon ya ji wannan na ƙarshen, sai ya ce to yanzu an yi magana. Yanzu al'adarmu ce, Juma'ar da ke gaban zaɓe a tsaya bayan salla da samfurin takardar, a nuna wa tsofaffi da iyayenmu mata yadda ake cikewa. Wanda za a zaɓa kuwa ba a faɗa a masallaci, mun yi wannan yarjejeniyar tuntuni.

Abin da ke damuna da gida shi ne na'ura na riga doka isowa. An kawo na'urar karanta kati a 2015, Kotun Ƙoli ta ce ba ta ture rajistar da dokar zaɓe ta sani ba. Dokar 2022 ta ba na'urar BVAS gurbi, amma a Oktoban 2023 kotun ta ce shafin IReV, inda hukumar zaɓe ke ɗora sakamakon rumfuna, ba wurin tattara sakamako ba ne. Ita BVAS ma tantance mai zaɓe take yi, ba ta ƙirga ƙuri'a. Kaduna ce ta gwada injin kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018. Saboda haka in an zo muku da zancen inji a Katsina, Kawu, ka tambaye su wa ya gwada shi ban da mai sayarwa da mai saye, ina rahoton gwajin, kuma in an yi musu wace takarda za a koma a ƙirga.

Zan turo maka hoton samfurin takardarmu ka nuna wa 'yan majalisa. A gaishe mini da Gwaggo da yara.