Tiyata ko bututu? Amsa kan tsukewar babbar jijiyar jini

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 ya daɗe yana kukan ciwon kai da sanyin ƙafa. Da aka auna shi aka ce hawan jini ne, daga baya hoto ya nuna babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta tsuke a wuri guda tun haihuwa. Likitoci sun ce ko a yi tiyata, ko a buɗe ta da bututu. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaron lafiya. Abin da ka kwatanta ya yi daidai da wannan larura: jini na cunkushewa sama da inda jijiyar ta tsuke, sai awon hannu ya hau, ƙafa kuma ta samu kaɗan. Idan bambancin awon jinin hannu da na ƙafa ya kai maki 20, likitoci kan ce a gyara.

A aikin bututu ba a tsaga ƙirji. Ana zura siririn bututu ta jijiyar saman cinya har wurin tsukewar, a hura ɗan balan-balan ya buɗe ta, sannan a bar ragar ƙarfe, wadda ake kira sitent, ta tokare bangon. Yawanci kwana ɗaya ko biyu a sallame shi. Tiyata kuwa tsohuwar hanya ce mai inganci, tun da likitan tiyata Clarence Crafoord ya fara yin ta a Stockholm a 1944: ana shiga ta haƙarƙarin hagu, a yanke tsukakken wurin a ɗinke. Jinyarta ta fi tsawo.

Ga mai shekarun ɗanka, idan tsukewar gajeriya ce, ni na fi karkata ga bututu. Amma hoton CT ko MRI ne zai raba gardama, domin idan tsukewar doguwa ce ko ta taɓa lanƙwasar jijiyar, tiyata ta fi.

Kada ka ji nauyin yi wa likitocin tambaya. Tunda yaron bai gama girma ba, ragar irin wadda za a iya ƙara faɗinta ce nan gaba? Sun saba yin wannan aiki? Akwai likitan tiyata a kusa idan bangon jijiyar ya tsage? Yana faruwa, ko da yake ba kasafai ba. A kuma duba bawul ɗin bakin jijiyar, wato ƙofar da ke hana jini komawa zuciya, don da yawa daga masu wannan larura nasu marfi biyu gare shi maimakon uku.

Abin da ya fi damuna shi ne iyaye su ɗauka an gama. Hawan jinin kan iya zama ko ya dawo, wurin kan iya sake tsukewa ko ya kumbura. Ko wace hanya aka bi, zai ci gaba da ganin likitan zuciya har girmansa.

Tambaya: Jaririyata 'yar mako uku ce, irin wannan aka gano mata. Me ya sa ba za a yi mata bututun ba?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jinya. Jijiyoyinta sun yi ƙanƙanta ga ragar, balan-balan kaɗai kuma a jarirai yakan bar wurin ya sake tsukewa. Shi ya sa aka fi zaɓar musu tiyata. Idan kin ga ta ƙi nono, tana haki ko gumi wajen tsotso, ki kai ta asibiti nan take, kada ki jira ranar da aka ba ku.