Ga Hajiyar da ta yi tambaya kan fulukonazol da maganin dashen ƙoda

Wa alaikumus salam. Hajiya, tun daren jiya na ga tambayarki. Na yi shiru don masu ilimin abin su fara magana, sai gari ya waye amsoshin ba su wuce "Allah ya ba shi lafiya" ba. Amin, amma ke amsa kike nema. Kin ce maigidanki wata takwas ke nan da yi masa dashen ƙoda a Indiya, harshensa ya yi fari kamar an shafa kindirmo, haɗiyar abinci na yi masa zafi, kuma wani mai shagon magani a Marwa ya ba ku fulukonazol, maganin ciwon fangas, ya ce a sha mako biyu. Kina so ki ji ko ana haɗa shi da takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar. To, kada ya haɗiyi ko ƙwaya ɗaya ta fulukonazol ɗin sai likitan ƙodarsa ya sani. In kuwa ya riga ya fara, yau za ki kira likitan, kada ki bari sai gobe.

Ni ba likita ba ne, kayan gyaran babur nake sayarwa a Garwa. Sai dai shekara biyu na yi ana yi mini wankin ƙoda, kafin ƙanena ya ba ni tasa aka dasa mini a Kano a 2017. Wannan ramin da kuke bakinsa, ni sai da na faɗa cikinsa.

Wajen shekara ɗaya bayan dashen bakina ya yi irin na maigidanki. Na ga abin bai kai a hau mota a nemi likita ba, sai na aiki yaron shagona. Aka ba shi kwalin fulukonazol, aka ce ɗaya kullum. Gaskiya maganin ya yi aiki, kwana uku baki ya washe, har ina yaba mai shagon. A kwana na shida ina zaune wurin mai shayi, na ɗauki kofi, sai na ji cokali na ƙara a ciki, kar-kar-kar, alhali ban taɓa shi ba. Hannuna ne ke rawa. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Alhaji, ko zazzaɓi ne?" Da dare kai ya ɗauki ciwo, barci ya ƙi zuwa, tafin hannu da na ƙafa suna zafi kamar na taka yashin bakin Binuwai da tsakar rana. Abin da ya tsorata uwargida shi ne fitsari ya ragu. Wanda ya taɓa zaman injin wanki ya san abin da wannan ke nufi a zuciya.

Da aka yi awo, kiriyatinin, wanda ake auna aikin ƙoda da shi, ya hau, sinadarin potasiyom ma ya hau. Aka aika jinina Yawunde don a ga yawan takrolimus. Ni da na saba zama tsakanin 6 da 7, sai ga 19. Ban ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da aka rubuta mini ba, amma jikina kamar na wanda ya sha ninki uku.

Likitan da ya duba ni, bayan ya gama yi mini faɗa, ya ba ni misalin da har yau ban manta ba. Ya ce in ɗauka hanta injin niƙa ce guda ɗaya a unguwa. Takrolimus na zuwa safe da yamma, ana niƙe shi ana fitarwa, shi ya sa ba ya taruwa. Fulukonazol idan ya shigo, injin yake riƙewa. Ƙwarya na ta zuwa, niƙa ta tsaya, layi sai tsawo. Su a wurinsu sunan injin CYP3A4, yana cikin hanta da bangon hanji. Abin takaicin shi ne, maganin nan da ke hana garkuwar jiki ta far wa sabuwar ƙoda, idan ya yi yawa a jini shi da kansa yake matse jijiyoyin ƙodar ya ji mata ciwo. Masu shan sikulosporin, wani maganin dashe irin takrolimus, su ma hukuncinsu ɗaya da namu.

Ki duba kwali da kyau, Hajiya. Duk maganin fangas da sunansa ya ƙare da "azole" ki ɗauke shi ɗan gida ɗaya ne: ketokonazol, itirakonazol, borikonazol. Waɗannan ukun ma sun fi fulukonazol ƙarfin riƙe injin. Borikonazol, idan dole sai an ba da shi, takrolimus ɗin kashi ɗaya cikin uku ake bari. Ketokonazol na haɗiya kuwa tun 2013 Turai ta dakatar da ba da shi don ciwon fangas saboda lahanin da yake yi wa hanta, amma ba a rasa shi a tiren masu yawo da magani a kasuwanninmu. Har man nan na mikonazol da ake shafawa a cikin baki bai kuɓuta ba, domin ana haɗiye shi yana shiga jini. Na shafawa a fata, na makero ko ƙyasfi, da sabulun wanke kai, su abin da ke shiga jini kaɗan ne, duk da haka ni sai na nuna kafin in shafa.

Ba wai an haramta wa mai dashe fulukonazol ba ne. Wani lokaci shi ne maganin, musamman idan farin ya gangara maƙogwaro, kuma zafin haɗiyar da kika ambata shi ya sa nake cewa likita ya leƙa da idonsa. Idan a baki kaɗai ya tsaya, sau da yawa nistatin ake bayarwa, ruwan da ake kurkure baki da shi, don hanji ba ya tsotse shi zuwa jini. Idan kuma likita ya ce sai fulukonazol, zai rage takrolimus, ya sa a riƙa awo, ya kuma dubi ƙarfin ƙodar, tunda shi fulukonazol ta fitsari yake fita. Ƙodar da lambar tacewarta a awon asibiti ta sauka ƙasa da 50 rabin adadi ake ba ta. Masu wanki kuma bayan an sauko daga inji ake ba su, don injin na kwashe kusan rabinsa.

Ga inda na kusa yin kuskure na biyu, kuma shi mutane ba sa faɗa. Da na ji 19, sai na ce bari in ajiye takrolimus ɗin gaba ɗaya na mako guda jiki ya huta. Allah ya sa na furta a gaban likita. Ya ce in na yi haka sai in fara shirin komawa kan inji. Shi ya rage da lissafi, ya kuma gargaɗe ni cewa ranar da aka daina maganin fangas ba ranar ce yake barin jiki ba, yakan ɗauki kwanaki. Yana fita injin niƙa zai koma aiki, takrolimus ɗin da aka rage ya zama bai isa ba, garkuwar jiki ta farka ta kama ƙodar. Ita kuma wannan ba ta zuwa da rawar hannu, shiru take yi sai awo ya tona. Saboda haka awo biyu ne, na shiga da na fita. Ni sai da na yi sau huɗu cikin wata ɗaya kafin lamba ta zauna, kuɗin mota da na awo suka ci ribar shago ta wannan watan. Ƙanena bai ce mini komai ba, ya zo ya zauna ya gaishe ni ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tunda ana magana, garehul, wanda muke ce wa pampalamus a nan, shi ma injin nan yake riƙewa, kada a kawo masa a kayan dubiya. Rifampisin na tarin fuka kuma akasin haka yake yi, zuƙe takrolimus yake daga jini. Dikulofenak da ibuprofen, magungunan ciwon jiki, ba sai na faɗa miki a guje su ba, na san tun a Indiya an ja muku kunne.

Ki ɗauki hoton kwalin gaba da baya ki tura wa likitan da ke bin sa, ki faɗa masa ranar da aka fara da ƙwaya nawa aka sha, in an sha. Idan hannu na rawa, ko fitsari ya ragu, ko yana amai, ko ya rikice, kada ki jira amsar waya, asibiti za ku nufa da duk kwalayen a jaka. Ranar awon takrolimus kuma kada ya sha na safe sai an ɗebi jini, awa 12 bayan na dare, in ba haka ba lambar da za ta fito ba ta gaskiya ba ce. Ki tafi masa da ƙwayar a hannu, ana cire allura ya haɗiye. A gaida mai jiki.