Wayar da ta ƙi kunnuwa bayan cajinta ya ƙare

Ka ce wayarka ta mutu saboda ƙarewar caji, ka jona ta amma ko alama ba ta nuna ba. Sau da yawa ba lalacewa ta yi ba. Idan batirin litiyam, wato irin batirin da ke cikin wayoyin zamani, ya zuƙe ƙaf, wayar takan fara jan wuta kaɗan-kaɗan har batirin ya farfaɗo, shi ya sa fuskarta kan zauna baƙi na ɗan lokaci. Ka jona ta a soket ɗin bango, ba jikin kwamfuta ba, ka ƙyale ta aƙalla minti 30 ba tare da kana ta latse-latse ba. In shiru, ka canza igiya da kan caja, domin a ganina igiya ce ta fi yawan ba da matsala.

Daga nan sai ka danne maɓallin kunnawa tare da na rage sauti na kusan daƙiƙa 15, idan Samsung ce. Kada ka zura allura cikin ramin caji, tsinken sakace ya isa fitar da ƙura. Idan bayan wayar ya kumbura, ko tana zafi sosai, ko ta taɓa shiga ruwa, ka cire ta daga wuta ka kai wa ƙwararren mai gyara.