Ɗana ya koma fitsarin kwance, ina zan kashe kuɗina?

Tambaya: Anti, ɗana mai shekara 8 ya daina fitsarin kwance tun yana ɗan shekara 4. Da na haihu aka mai da shi ɗakin kakarsa, sai abin ya dawo. Babansa ya ce bulala ce maganinsa. Maƙwabciyata ta ce in sayi jiƙon masu talla da lasifika, ƙanwata kuma ta ce sai likitan ƙwaƙwalwa. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, bar jiƙon nan. Gora ce ba suna, ba a san abin da ke ciki ba, kuma ƙodar yaro ba wurin gwaji ba ce.

Kuɗinki na farko su tafi gwajin fitsari. Yaron da ya wuce wata shida a bushe sannan ya dawo, likitoci kan fara duba ciwon mafitsara, ciwon suga da taurin bahaya, don hanji in ya cika yakan danne mafitsara. Masu sikila ma sun fi yawan fama da fitsarin kwance. Asibitin yara na Hasiya Bayero ya isa ki fara. Ki sayi ledar shimfiɗa, ki rage masa lemon kwalba da shayi bayan magariba, ya zaga kafin ya kwanta.

Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne lokacin da abin ya faro. Rana ɗaya aka ɗauke shi daga gefenki, jariri ya maye gurbinsa, 'yan barka kowa na cewa "ai yanzu ka girma". Yaro ba ya iya cewa kishi nake ji, sai jikinsa ya faɗa. Cikin barci yake yi, to me bulala za ta koya wa mai barci? Ki lallaɓa babansa, ba a gaban yara ba. Katifar nan kuma a daina shanya ta a tsakar gida ana masa waƙar amalala. Ki ware masa ko minti goma kullum, ke da shi, jaririn yana hannun kaka.

Ƙanwarki ba ta yi laifi ba, ganin masanin halayyar yara ba hauka ba ne. In gwaji ya fito lafiya, amma kika ga ya daina wasa, yana firgita cikin dare, ko yana gudun wani mutum ko makaranta, ki nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin nan ki tambaye shi a hankali wa ke shiga ɗakin da dare.