Habu, ba wannan Istar ba, zauna ka ji dalili

Habu na ga saƙonka tun jiya da daddare, da gangan ban amsa ba, don maganar ba ta saƙon murya ba ce da za ka saurara cikin danfo ka manta kafin ka sauka Oshodi. Abu biyu ka tambaya kan faragilaida, lemar nan da mutum ke tashi sama da ita daga kan tudu. Ka ce Oga tunda yanzu ina iya ɗaga lema ta tsaya a kaina, me zai hana ka barni in tashi ni kaɗai a Kwahu ta ƙasar Ghana in Ista ta zo, sannan ka turo hoton wata lema ta hannu da wani ke sayarwa a Facebook wai rabin kuɗi, ka ce ko ka saya.

Ta biyun ta fi sauƙi. Kar ka saya. Na buɗe hoton na duba tambarin da ke jikinta, ajin C ce. Lemar faragilaida aji huɗu ake kasa ta bayan gwajin da ake mata a Turai, A da B da C da D, kuma ɗan koyo A yake hawa, babu wata jayayya a nan, saboda ita A in iska ta naɗe mata gefe ɗaya yawanci da kanta take buɗewa ko da ka ruɗe ba ka yi komai ba, ita kuwa C jira take ka gyara ta da hannunka kuma cikin daƙiƙa, in ka makara ta juya da kai. Bayan haka ba ka san rana nawa ta sha ba. Rana tana cin ƙyallen nan a hankali har ya fara yoyon iska, ido ba ya gani, sai an sa na'urar gwaji, kuma igiyoyin ma suna miƙewa ko su ƙanƙance sai lemar ta daina zama daidai. Ga maganar nauyi, kowace lema da iyakar kilon da aka yi ta dominsa, kuma ba nauyin jikinka kaɗai ake lissafawa ba, har kujerar da kake ɗaurawa a jiki da lemar ko-ta-kwana da hular kwano da ita lemar kanta. Kai da ba ka da jiki, wannan ta maka girma. Araha ba ta ado Habu, bar masa kayarsa.

Toh Kwahu. Ka je, ni ma ina so ka je, amma goyo za a yi maka. Bikin can tun 2005 ake yinsa lokacin Ista, ana tashi daga dutsen Odweanoma a Atibie a sauka ƙasa a Nkawkaw, kuma ƙwararrun matuƙa ne ake gayyatowa daga ƙasashe su riƙa ɗaukar mutane. Wurin biki ne, ga jama'a ga kiɗa ga masu ɗaukar bidiyo, babu wanda ke da lokacin tsayawa ya koya maka komai, kuma ɗan koyo in idon mutane na kansa sai ya yi abin da bai shirya ba don kar a ce ya ji tsoro. In an goya ka, ka bar wayarka a aljihu, ka kalli hannun matuƙin tun daga tashi har sauka, ka lura yadda yake taɓa birki, wato igiyoyin nan biyu da ake ja da hannu don sarrafa lema, kaɗan kaɗan da inda yake fara shirin sauka. Wannan kaɗai ya biya kuɗin motarka.

Ka san matsalarmu a Legas, babu tudu. Daga Badagry har Epe ƙasa ce shimfiɗe sai ruwa, ga filin jirgin Ikeja da jirage na sauka da tashi dare da rana, ga masu saukar ungulu, kuma sama ba dajin Allah ba ce da kowa zai shiga yadda ya ga dama, akwai hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama da dokokinta. Abin da muke da shi shi ne bakin teku da iskarsa, kuma wallahi don koyon sarrafa lema a ƙasa ya isa har ya yi yawa. Tashin farko kuwa sai mun yi tafiya zuwa inda akwai ƙaramin tudu mai gangara a hankali, da fili a ƙasansa wanda ba bishiya ba wayar wuta.

Ka ce ka iya ɗaga lema. Eh ka iya ɗagawa, na gani. Amma ranar Asabar da iskar teku ta ƙaru bayan azahar me ya faru? Ta fizge ka ta ja ka a yashi, kai kuma ka riƙe birki biyu a tsakiya kana jan baya da ƙarfi, wato kana ƙara mata ciki tana ƙara cika. Abin da ya kamata shi ne ka bi ta da gudu ka rage mata ƙarfi, ka kama igiyoyin baya ka ja su gaba ɗaya ta mutu, ko ka kama birki ɗaya ka yi ta naɗo shi har ta zube gefe. A yashi ne shi ya sa muka yi dariya ka kaɗe riga, a kan dutse wannan jan fata yake kwashewa. Kuma har yanzu kana ɗaga kai kana kallonta kafin ka san ta karkata. Ina so ka kai inda za ka ji ta a ƙugunka da kafaɗarka, ta matsa hagu ka matsa ƙarƙashinta ba tare da ka duba ba, ka juyo ka fuskanci gaba tana nan a kanka ba ta faɗi ba, ka yi tafiya da ita ka tsaya ka sake tafiya. Ran da na ga kana haka sau da yawa a jere ba sa'a ba, ni zan fara ce maka shirya jaka.

Bari in faɗa maka yadda ranar za ta kasance don ka fara saka ta a kai tun yanzu.

Da sassafe za mu yi, ko da yamma lis. Tsakar rana ƙasa ta yi zafi, iska mai zafi tana tashi sama guda guda, ƙwararru ita suke nema don su yi sama, amma ɗan koyo jijjiga shi za ta yi. Iskar da nake so ita ce mai taushi wadda ke hawowa tudun tana bugun fuskarka, in ta wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa mun naɗe kaya. Lissafin mai sauƙi ne, lemarka in ka saki birki tana tafiya wajen kilomita 35 zuwa 38 a awa, to in iskar da ke zuwa maka ta kai 30 kusan a tsaye kake, in ta wuce gudunka baya za ka riƙa yi, kuma bayan tudu nan ne iska ke murɗawa tana dukan ƙasa, babu lemar da ke son wurin. In iska daga bayanka take zuwa ko daga gefe, ba a tashi, ko da mun kwana biyu a hanya kafin mu zo.

Hadari kuma ba a ciniki da shi. Ka san irin na farkon damina a nan, gari ya yi tsit sai ka ga gabas ta yi baƙi, kafin ka ce me iska ta fara kwashe kwanon rufi. Gajimaren hadari yana zuƙar iska sama da ƙarfin da ya fi saukar lema. A 2007 a Manilla ta ƙasar Ostireliya, hadari ya zuƙe wata ƙwararriya mai suna Ewa Wiśnierska ya kai ta mita 9,946, sama da tsayin dutsen Everest, ta suma a can saboda sanyi da rashin iska, Allah ya yi da sauran kwananta ta sauko da rai, amma wani matuƙi ɗan China da hadarin ya kama a ranar bai tsira ba. Waɗannan masu shiga gasar duniya ne fa.

Kafin ka ɗaura komai za mu taka filin sauka da ƙafa, ka ga inda rami yake, ka ga ƙyallen da zan ɗaura a sanda don ka san inda iska ta dosa. Sai mu hau. Ka shimfiɗa lema, ka bi igiyoyi ɗaya bayan ɗaya babu ƙulli babu kara babu wadda ta bi ta ƙarƙashin ƙyalle. Sannan binciken nan biyar da kake cewa na cika maimaitawa: ɗaurin jikinka da hula, igiyoyi da ƙugiyoyi, lema a buɗe, iska, sai sarari ko akwai wani a gabanka. Da baki za ka faɗa kana taɓawa da hannu. A cikinsu wanda na fi tsoro shi ne ɗaurin cinya. Mutane sun mutu saboda shi, ƙwararru ma, mutum ya kwance don ya je fitsari ya dawo ana masa hira ya manta, ya tashi lafiya lau sai ya zame ta ƙasan kujera ya rage hannu kawai ke riƙe da shi, kuma hannu ba ya daɗewa. Shi ya sa dokata, in ka sa kujera ka ɗaure duka, in za ka kwance ka cire ta gaba ɗaya, kuma in wani ya katse ka kana cikin bincike ka koma farko. Hannun lemar ko-ta-kwana ma ka taɓa shi ka san yana nan, duk da a ƙaramin tudu babu tsayin da za ta buɗe, sabo nake so hannunka ya yi.

Oba-oba tana kafaɗarka, muryata kaɗai za ka ji. In na ce tafi, ka sa ƙirji gaba kamar ɗan garuwa na tura kura a hawa, lema ta hau kanka, ka taɓa birki kaɗan kar ta wuce ka, ka ci gaba da gudu. A nan kusan kowa ke ɓata abu. Da mutum ya ji ta fara ɗaga shi sai ya yi tsalle ko ya zauna cikin kujera, nauyi ya sauka a kan lemar da ba ta gama samun gudu ba, ya dawo ƙasa da mazaunai. Kar ka yi tsalle, kar ka zauna, ka yi ta gudu har ƙafarka ta riƙa taka iska. In kuma na ce tsaya, ka ja birki duka ka tsaya ko da kana ganin komai daidai ne, ni ina ganin abin da ke saman kanka.

A sama aikin kaɗan ne, minti ɗaya ko biyu ne duka. Hannu sama wajen kafaɗa, kana jin ɗan nauyin birki a yatsu shikenan. Mai tsoro yakan ja birki biyu ƙasa yana neman abin riƙewa, kuma in ka rage mata gudu ya yi ƙasa da kilomita ashirin da 'yan kai lema ta daina tashi, baya za ta faɗa da kai. Kar kuma ka saki birki don gyara zama. In za ka juya ka fara duba wajen, ka karkata jiki, sannan ka ja birkin gefen a hankali. Kuma ka kalli inda kake so ka sauka, wanda ya ƙura wa bishiya ido yana cewa kar in buge ta, ita yake zuwa ya buga, ko da ita kaɗai ce a filin.

Sauka iska na fuskarka. Tun kana sama da ɗan nisa ka zame daga zama ka miƙe ƙafa ƙasa, ba juyi kusa da ƙasa, hannu sama ka bar ta ta yi gudunta ko da kana ganin ƙasa na taso maka da sauri. Sai ya rage kamar mita ɗaya zuwa biyu zan ce ja, ka ja birki biyu tare har ƙasa ka taka da gudu. In ka ja da wuri za ta ɗaga ka sannan ta sake ka daga sama, a nan ake karya idon sawu da baya. Faɗuwar da muke gwadawa a yashi, ƙafa haɗe gwiwa a sake ka mirgina ta gefe, saboda irin wannan ce, kar ka tare ƙasa da tafin hannu.

Wani abu kuma tunda bakin ruwa muke aiki, kar ka ƙara matsawa kusa da igiyar ruwa da lema a jikinka irin na rannan. In ƙyallen ya faɗa ruwa ya cika, teku ja take, ga igiyoyi su naɗe ƙafa, kuma katifar bayan kujera tana yawo a saman ruwa ne ta kifa fuskarka ƙasa. Iya iyo ba ya ceton mutum a haka.

Asabar ka zo da wuri kafin iska ta yi ƙarfi, ka zo da takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu, silifas ɗin nan kar in sake ganinsa. Lemar makaranta da ka naɗe da ɗanshi ka buɗe ta a inuwa yau ta sha iska, ka zazzage yashin da ya taru a bakin baya, kar ka shanya ta a rana. Ka gaida su Baba in ka je Agege.